Amsa ga Hajiya kan biskit ɗin nan mai takarda a ciki

Salamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da warhaka. Hajiya, na ga hoton da kika turo daga Houston, biskit ɗin nan mai lanƙwasa da aka ba ki bayan kin ci abinci a gidan abincin 'yan Sin, kika fasa kika tarar da 'yar takarda a ciki. Kin ce ko al'adarsu ce ta can gida. Bari in amsa da baki, rubutu zai yi tsawo.

To, a'a. Ki je Beijing ki zaga gidajen abinci, da wuya ki gan shi. A Kalifoniya ya yi suna, kuma ba ma 'yan Sin suka fara shi ba, Japanawa ne. Suna da wani mai kama da shi a wajajen Kyoto, ya fi wannan girma da duhu. Wani Makoto Hagiwara, mai kula da lambun shayi na Japanawa a San Francisco, shi aka fi ambata cewa yana ba baƙinsa shi da shayi tun farkon ƙarni na 20. Wurin da abin ke taɓa min zuciya shi ne 1942. Ana yaƙin duniya, gwamnatin Amurka ta kwashe Japanawa kusan 120,000 ta tsare a sansanoni, mafi yawansu ma haifaffun ƙasar ne. Masu gashin biskit suka kulle shagunansu suka tafi. Sai 'yan Sin suka ɗauki sana'ar, har kowa ya ɗauka tasu ce tun asali. Kin ga yadda abu ke sauya hannu.

Ita kuma takardar, kada ta dame ki, ba duba ba ce. Ma'aikatan kamfani ne ke zama su rubuta, inji ya cusa.

Haka kazar nan mai zaƙi da yaji da suke kira General Tso, sunan wani janar na ƙasar Sin. Shi janar ɗin ya rasu tun 1885, bai taɓa ɗanɗana ta ba. Wani kuku, Peng Chang-kuei, ya ƙirƙiro ta a Taiwan, ba zaƙi. Da ta iso New York a shekarun 1970 aka zuba mata sukari, don bakin Ba'amurke sai da zaƙi. Ni kam ban ga laifin 'yan Sin ɗin Amurka ba wallahi. Mutanen da tun 1882 aka kafa doka don hana su shigowa, aka toshe musu ayyuka da dama, sai wanki da girki suka rage musu. Dole su dafa abin da mai saye zai dawo ya sake saye.

Ba na Sin kaɗai ba ma. Ayis kirim ɗin Häagen-Dazs da yaranki ke so, kowa gani yake daga Turai ake kawo shi. A unguwar Bronx ta New York wani Reuben Mattus da matarsa Rose suka fara shi, suka ƙirƙiri sunan don a zaci na Denmark ne.

Abu ɗaya dai, Hajiya, in za ki koma gidan abincin: ki tambaye su ko da naman alade a soyayyar shinkafar, da kuma giyar girki, don suna yawan sa su. Ki gaida Alhaji da yara.