Fushof hamsin kullum, amma kafaɗa ce ke ciwo

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne daga Aboabo, nan Kumasi. Wata huɗu ke nan ina yin fushof hamsin kullum bayan sallar Asuba, amma ƙirjina bai cika ba, sai ma kafaɗar dama da ta fara ciwo. Cikin abokan da muke gudu tare a wajen filin Baba Yara, wani ya ce in ware hannuwa sosai, wani ya ce in haɗe su. Wanne ne daidai?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin maganar warewa ko haɗewa, gwiwar hannunka nake zargi. Yawancin samarin da ke kawo mini wannan kuka, in suka sauka sai ka ga gwiwoyin hannu sun baje daidai kafaɗa kamar ungulu na shan hantsi. A haka wahalar takan taru a gaɓar kafaɗa. Jawo su kusa da jiki, ya zama wajen digiri 45 ne tsakanin damtse da haƙarƙari.

Tafin hannu ya zauna ƙarƙashin kafaɗa ko ya ɗan fita kaɗan, yatsu a buɗe. Daga ƙeya zuwa diddige a miƙe sambal. Matse ciki da ɗuwawu, kada ƙugu ya lotsa, kada kuma ya yi tozo. Ka sa wani ya kwantar maka da sanda a gadon baya: in ta taɓa ƙeya, ta taɓa tsakanin kafaɗu, ta taɓa ƙugu a lokaci guda, to ka daidaita. Sauka a hankali kana shaƙar numfashi har ƙirji ya kusa taɓa tabarma, ka fesar wajen tasowa. Ƙirji ne ke zuwa ƙasa, ba haɓa ba; masu miƙa wuya kamar kaza na tsattsagar hatsi kansu suke yaudara.

Su kuwa nau'o'in, abin da ya bambanta su shi ne yawan nauyin da inda yake sauka. A fushof na yau da kullum hannuwanka na ɗaukar kusan kashi biyu cikin uku na nauyinka, wato mai kilo 70 yana tura wajen kilo 45. In ka durƙusa a gwiwa, ya koma kusan rabi. Hannu a kan benci sauƙi ne, da shi mai koyo ke farawa. Ƙafa a kan benci kuwa nauyi ya ƙaru, ya koma saman ƙirji da kafaɗa, don haka kai dai ka bar shi tukuna.

Haɗe hannuwa yana gasa naman bayan damtse sosai, kuma ƙirji ma bai huta ba, sai dai yana takura wuyan hannu. Warewa sosai tana gajarta tafiyar ne, shi ya sa mai yin ta ke lissafa da yawa yana jin ya ƙasaita. Da wannan kafaɗar taka, ban ba ka shawararta ba.

Sannan hamsin ɗin nan ta gaggawa, jikinka ya riga ya saba da ita. Ka huta har ciwon ya lafa, ka dawo da goma zuwa sha biyar a tsanake, zagaye uku ko huɗu, kwana uku a mako da hutu a tsakani. In sun yi sauƙi, zuba ledar fiya wota goma a jakar goyo, kilo biyar ke nan, ka goya ka ci gaba. Kada kuma ka yi wasa da ƙwai da kifi a kan wake da shinkafarka.

Amma in ciwon yana tashin ka da dare, ko ɗaga hannu sama ya gagara, ko ya wuce mako biyu bai sauka ba, ajiye komai ka je sashen gashin ƙashi na asibitin Komfo Anokye a duba kafaɗar.