Ɗakin da Wuta Ba Ta Taɓa Ba: Yaushe Za Mu Koma Ciki?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam Duba-gari. Makon jiya gobara ta tashi a falonmu da tsakar dare, bayan an dawo da wutar lantarki da ƙarfi. Kujeru, labule, talabijin da silin ɗin roba duk sun ƙone, amma Allah ya taƙaita, maƙwabta da 'yan kwana-kwana suka kashe ta kafin ta kai ɗakunan kwana. Yanzu muna raɓe a gidan yayata. Maigida ya ce tunda uwar ɗaka ba ta ƙone ba, a share, a yi turaren wuta, mu koma. Ni kuwa ina goyon jaririya 'yar wata biyar, surukata da ke tare da mu kuma tana da asma. Ranar da na shiga ɗauko kaya na fito da ciwon kai da ƙaiƙayin maƙogwaro. Yaya zan gane ɗakin ya zaunu?
Daga wata uwa, Tudun Wada, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya mayar da alheri, ya kiyaye gaba. Kada ki mayar da jaririyar nan ko Mama cikin gidan tukuna, kuma ki ba maigida wannan shafi ya karanta. Na san zaman gidan wani da iyali akwai nauyi, ban ga laifinsa ba da ya ƙosa. Sai dai inda wuta ta tsaya, hayaƙi bai tsaya nan ba.

A yawancin gidajenmu bangon da ke raba ɗakuna iyakarsa silin. Daga nan zuwa kwano fili ɗaya ne ya haɗe gidan gaba ɗaya. Hayaƙi mai zafi sama yake yi, ya cika wannan fili, ya sauko ta ramin ƙwan fitila, ta wurin fanka, ta gefen silin, ya kuma bi ta ƙarƙashin ƙofa. Yana son wuri mai sanyi, shi ya sa za ki tarar ya fi kwanciya a gilashin taga da jikin ƙarfe, har cikin durowar da ke rufe.

Sannan abin da ya ci wuta a falonki ba itace ba ne. Soson kujera idan ya ƙone yana fitar da iskar sayanaid da kabon monoksaid, wato irin iskar da ke cikin hayaƙin janareta, mai kashe mutane suna barci ba su ji warinta ba. Waɗannan biyun sun fi haɗari lokacin gobarar da sa'o'in da ke biye, musamman in wani abu yana ci a ƙasan toka. Bayan mako guda, in iska na shiga, sun watse. Abin da ya rage miki shi ne kunkunniya, baƙin da hayaƙi ya bari. Silin roba da robar wayar wuta, waɗanda ake kira PVC, suna sakin wata iska da ke zama asid da zarar ta haɗu da danshi, ga kuma ruwan da aka kashe wutar da shi. Ita ce ke sa ƙaiƙayin maƙogwaro da zafin ido. Ƙwayoyin kunkunniyar kuwa ƙanana ne ƙwarai: da yawansu ba su kai maikiron 2.5 ba, alhali kaurin silin gashin mutum yakan kai wajen 70. Hanci ba ya tace su, har ƙarshen huhu suke zuwa. Tun a 1775 wani likita a Landan, Percivall Pott, ya lura da cutar daji a jikin masu share bututun hayaƙi, kuma yau hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kunkunniya cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar. Ban faɗi haka don in tsorata ki ba, shiga ɗaya ba ya kawo wannan. Kwana a ciki wata da watanni, da yarinyar da nan gaba kaɗan za ta fara rarrafe tana kai hannu baki, shi nake guje miki.

A ƙasashen da inshora ke biyan gyara, ana turo masu ɗaukar samfur daga jikin bango su kai ɗakin gwaji. Mu nan da wuya a samu, amma akwai gwajin da za ki iya yi da kanki. Ki sa takunkumi mai lamba N95, ba na yadi ba, da safar hannu. Ki ɗauki farin ƙyalle busasshe ki goga a saman ƙofa, saman wadirof, fukafukan fanka, gilashin taga, cikin durowa, da bango kusa da silin, kowane wuri da sabon gefen ƙyalle. Ƙurar hunturu ja-ja ce ko ruwan ƙasa, kuma tana kakkaɓuwa. Kunkunniya baƙa ce ko toka-toka, in kin murza sai ta shafe kamar maiƙo. Ki dubi makullai, hannun ƙofa da cokula: in sun fara tsatsa ko sun dushe cikin 'yan kwanakin nan, asid ɗin da na ambata ya iso ɗakin. A sa wani ya ɗaga allon silin ɗaya ya haska tocila. Sau da yawa na ga ɗaki tas daga ƙasa, sama kuwa baƙi ƙirin.

Gwaji na ƙarshe sai bayan an gama wanki. A rufe ƙofa da tagogi tun safe, zafin rana ya dafa ɗakin, don zafi ne ke fito da abin da bango da katako suka shanye. Da la'asar a kira wanda bai shiga gidan ba tun gobarar, ya shiga ya shaƙa. Hancin masu aikin ya riga ya saba, ba za su ji ba. In ya ji ƙauri, aiki bai ƙare ba.

Turaren wuta kuwa, Hajiya, a ajiye shi. Ƙamshinsa rufe ƙaurin yake yi, ya lalata miki gwajin, ga shi kuma ƙarin hayaƙi ne ga mai asma. Haka gaggawar fenti: in aka shafa kan kunkunniya, baƙin yana tsattsafowa, warin ya dawo da bazara.

Abin da ya fi damuna shi ne ranar da mata 'yan jaje za su taru da tsintsiya don taimako. Shara a bushe tayar da baƙin take yi sama, kowa ya shaƙa. A kashe fanka, a buɗe tagogi, a fara daga sama a gangaro. Bango a fara ɗauke baƙin a hankali da busasshen ƙyalle, sannan a bi da ruwan ɗumi da garin sabulu ana sauya ruwan. Ƙasa a yayyafa ruwa kafin a kwashe. Kada a haɗa Hypo da maganin wanke masai, iskar da ke fitowa guba ce. Mai ciki, yara da mai ciwon huhu ba sa cikin wannan aiki. In gidan tsohon gini ne mai silin asbestos a wani ɗakin, ya kuma farfashe, kada a share ko a karya, a jiƙa shi a nemi jami'an lafiyar muhalli na ƙaramar hukuma.

Katifar jaririya, filo, bulumboti, madarar da aka buɗe, da duk magungunan Mama har da abin shaƙarta, a haƙura da su. Tufafi a wanke su daban, a maimaita har ƙaurin ya fita, a shanya a rana. Kafet da ya sha ruwa ya kwana biyu a jiƙe ya fara fumfuna, ita ma tana tayar da asma. Kada a kunna wuta sai mai wayarin ya duba wayoyin cikin silin. Ke kuma, in ciwon kan ya ci gaba, ko tari, ko kaki mai baƙi, ko numfashi na yi miki nauyi, ki je asibiti ki faɗa musu kin shaƙi hayaƙin gobara.

TAMBAYA: Malam, shagon da ke jikin nawa ya ƙone. Kayana ba su ƙone ba amma sun yi baƙi: buhunan shinkafa, taliya, madarar gwangwani. Zan iya gogewa in sayar?
Daga wani ɗan tireda, Gusau.

AMSA: Alhaji, Allah ya mayar da ninkinsa. Buhu, kwali da leda hayaƙi na ratsa su, don haka shinkafa da taliyar ba na ci ba ne, ko an sauya musu buhu, kuma kada a ba dabbobi. Gwangwanin da zafi bai kai gare shi ba, bai kumbura ba, bai lotse ba, ana iya wanke bayansa da sabulu. Wanda ke jikin bangon da ya yi zafi kuwa a fitar da shi, domin zafi na ɓata abin ciki ko buɗe bakin gwangwanin yadda ido ba zai gani ba. Kafin ka zubar, ka ɗauki hoto, ka kira shugabannin kasuwa su shaida, saboda lissafin asara in tallafi ya zo.