Tambaya da Amsa: Tsoffin Kuɗin Baba

TAMBAYA: Salamu alaikum. Ni ɗan Agege ne, na gaji tsoffin sulalla da kwabbai masu huji daga mahaifina, wasu sun fara yin launin ruwan zinare wasu shuɗi-shuɗi. Dan Allah ya zan ajiye su launin ya ci gaba da fitowa da kansa, ko in wanke su?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya jiƙan Baba. Kar ka wanke su wallahi, ba lemon tsami ba toka ba Brasso (man goge ƙarfe), gogewa ɗaya ta zubar da darajarsu wurin masu tarawa. Launin nan a sulallan azurfa, azurfar ce ke haɗuwa da farar wutar da ke cikin iska a hankali, ta fara da ruwan zinare, ta koma shuɗi da shunayya, in ta yi yawa ta baƙanta. Sulen Afirka ta Yamma mai hoton bishiyar kwakwa na 1913 zuwa 1919 azurfa ne, shi ya fi yin kyau.

Matsalarmu a Legas laima ce da iskar teku mai gishiri, ga hayaƙin janareta, su ke sa tagullar da ke cikin kwabbai ta yi koren tsatsa mai cin ƙarfe. Saka kowanne shi kaɗai cikin ƙaramin ambulan na takarda, ka jera a akwati tare da ƴan ƙullin shan laima da ake samu a kwalin sabon takalmi, ka ɗora a sama nesa da kicin. Leda mai laushi kuwa kar ka yarda da ita, kore take bari a jikinsu. In za ka duba su ka riƙe ta gefe, zufar yatsa tana barin tabo, kuma ka yi haƙuri, abin na shekaru ne.