Tambaya da Amsa: In Taswirar Mercator Ƙarya Ce, Me Ya Sa Jiragen Ruwa Ba Sa Ɓata?

Tambaya: Salam Malam. Na ga ana ta cece-kuce wai taswirar duniya da muka saba gani ƙarya ce, an ƙanƙantar da Afirka an kumbura Turai. To kuma sai na ji wai har yau da irinta matuƙan jirgin ruwa ke aiki. In ƙarya ce ya aka yi ba sa ɓata a teku?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Batun girman nan kam gaskiya ne, Afirka ta ninka tsibirin Girinlan kusan sau 14 amma a taswirar sai ka gan su kamar kai ɗaya. Sai dai ni a ganina kalmar ƙarya ta yi nauyi. Ka yanka ƙwallon roba ka ce sai ka shimfiɗa shi a kan tebur, dole wani wuri ya yage ko ka ja shi ya miƙe, to haka duk wata taswira take, sai an sadaukar da wani abu.

Shi Gerardus Mercator da ya fitar da wannan taswirar da muka saba gani a 1569, matuƙa ya yi wa ita, kuma abin da ya kare shi ne kusurwa. A kan ƙwallon duniya layukan da suka taso daga kudu zuwa arewa haɗuwa suke yi a can ƙurya, shi kuma sai ya miƙar da su tsaye, hakan ya buɗa ƙasashen nesa da ikwaita, wato layin da ya raba duniya gida biyu kudu da arewa, ta gefe, sai ya ƙara jan su ta tsawo daidai gwargwado don kar siffa ta karkace. Shi ya sa a digiri 60 na latitud, wato nisa daga ikwaita, tsawo da faɗin komai kowanne ya ninka biyu, ƙuryar arewa da ta kudu kuwa ba sa ma shiga takardar sam.

Ga ribar: matuƙi ya ɗora rula daga inda yake zuwa tashar da zai je, ya ja layi da fensir, ya auna kusurwar layin daga arewa, a ce digiri 70, shi ke nan ya riƙe kamfas a kan 70 har ya isa. A zamanin da babu GPS wallahi wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wajen auna nisa ne ake taka-tsantsan, ma'aunin gefen takarda ake bi, daidai setin inda jirgin yake, minti ɗaya na latitud, wato kashi ɗaya cikin 60 na digiri, shi ne mil ɗaya na teku wato mita 1,852. Wanda ya auna da ma'aunin ƙasan takarda ya tafka kuskure.

Amma fa miƙaƙƙen layin nan ba shi ne hanya mafi kusa ba. A doguwar tafiya kamar Japan zuwa Amurka, gajeriyar hanya lanƙwasa take yi ta arewa, don haka sai a ɗauko wata taswirar da ake kira nomonik, ita a kanta gajeriyar hanya ce ke fitowa a miƙe, a zana, sannan a kwashe ta gaɓa-gaɓa a mayar kan Mercator a riƙa canza kamfas a kowace gaɓa. Yanzu manyan jirage kwamfuta ke musu wannan lissafin.

In girman ƙasashe kake son gani na haƙiƙa, nemi taswirar Equal Earth da ta fito a 2018.