Ranar zama a kotu ta wuce ban je ba, me zan yi?

Malam, ka ce an ba ka sammaci a kotun Garwa, a Kamaru, kan tuhumar laifi, ranar ta wuce kana kwance a asibiti. Kada ka ɓuya, alƙali yana iya ba da umarnin a kawo ka da ƙarfi.

Gobe da sassafe ka je ofishin magatakardar kotu da sammacin da katin ɗan ƙasa. Ka tambaya: an ɗage shari'ar ne, ko an yanke hukunci? In ɗagewa aka yi, ka karɓi sabuwar rana, ka rubuta wa shugaban kotu uzurinka, ka haɗa da takardar likita mai hatimi da kwanan wata. Uzurin baki ba ya shiga fayil.

In kuma an yanke, a nan gizo ke saƙar. Dokar shari'ar laifuka ta Kamaru ta 2005 ta bambanta abu biyu. Wanda sammaci bai shiga hannunsa ba, hukuncin bayan idonsa ne, yana da kwana 10 daga washegarin ranar da aka miƙa masa hukuncin ya nemi kotun ta sake zama. Wanda ya karɓa da hannunsa, kotu kuma ba ta ga uzuri ba, ana ɗauka kamar yana nan; abin da ya rage masa shi ne ɗaukaka ƙara, shi ma kwana 10. Jinkiri ne ke kayar da mutane, don haka ka ga lauya cikin makon nan.

In an ba ka sabon zama ka sake ƙin zuwa, tsohon hukuncin ya tabbata.