Yadda Ake Kare Bututun Masai a Ƙarƙashin Hanyar Manyan Motoci

Tambaya: Bututun da ke kai najasa daga gidana zuwa tankin masai ya ratsa ƙarƙashin hanyar shiga gida. Yanzu tifa da tankar ruwa za su riƙa bi ta wurin. Me zan yi kada ya fashe?

Amsa: Malam, fara tantance wane bututu ne a wurin. In rufaffe ne, wanda ruwa ke wucewa ta cikinsa kawai, ana iya kare shi. In kuwa mai huji-huji ne da ke tsiyayar da ruwa cikin ƙasa, ko tankin kansa, ko ramin sokawe, to hanyar za a karkatar. Nauyi yana danne ƙasar har ta daina shan ruwa, kankare kuma yana hana ta iska.

Ba kasafai bututun roba ke fashewa farat ɗaya ba. Ƙasar da ke ƙarƙashinsa ce ke zama, sai ya lotsa a tsakiya. Ruwa ya kwanta a lotsin, najasa ta taru, ka wayi gari masai na toshewa duk bayan ƴan makonni. Wani lokacin mahaɗa ce ke zarewa, ka ga jiƙa da wari a gefen hanya. Ka tuna layi ɗaya na tayoyin tifa cike yana iya ɗaukar tan 10.

Zurfi ne babban makami. Ka nemi aƙalla santimita 90 daga saman bututu zuwa saman hanya. Inda manyan motoci ke bi kullum, mita 1.2 ya fi. Sai dai sau da yawa ba yadda za ka yi da zurfin, domin bakin tankin ne ke yanke shi, kuma dole a bar gangarar santimita 1 zuwa 2 a kowace mita.

In bututun da ke wurin marar kauri ne, a cire shi, a sa na roba (PVC) mai kauri, irin wanda ake kira Schedule 40, mai faɗin inci 4. Ya ratsa hanyar kai tsaye, kuma guda ɗaya ne, ba mahaɗa a ƙarƙashin taya. Tsawon mita 6 yakan isa. A zura shi cikin riga, wato bututun ƙarfe ko roba mai kauri na inci 6 ko 8, wanda ya zarce gefen hanya da kamar rabin mita kowane ɓangare. Amfanin rigar biyu ne: tana ɗauke nauyi, ran da aka samu matsala kuma a zare na ciki ba tare da fasa hanya ba.

Wajen cikowa ne aka fi yin ganganci. A shimfiɗa ƙananan tsakuwa santimita 10 a ƙasan ramin, a cusa ta sosai a gefuna biyu, domin bututun roba da gefensa yake jingina. A rufe shi da ita santimita 15 zuwa 30. Daga nan a riƙa zuba ƙasa santimita 15 ana kirɓawa, kada a zuba gaba ɗaya. Ban da ɓaraguzan bulo da manyan duwatsu. Dutse ɗaya mai tsini ya isa ya huda shi.

In zurfin bai kai ba, a zuba kankare mai rodi, kaurin santimita 15 zuwa 20, wanda zai hau ƙasar da ba a tona ba da aƙalla santimita 30 kowane gefe, kamar gada. Kada ya zauna a kan bututun; a bar tsakuwa a tsakani, da abu mai laushi kamar soso. Girman rodin kuwa injiniya ne zai faɗa, gwargwadon nauyin motocin da irin ƙasar. A bar kankaren ya yi kwana 28 ana ba shi ruwa a farkon kwanakin kafin tifa ta hau.

A gina cemba, wato ƙaramin rami mai murfi da ake buɗewa a duba bututun, a kowane gefen hanya, nesa da inda taya ke takawa, a kuma gwada bututun da ruwa kafin a binne.