Amsa: Bakteriyar ruwan gishiri da malalar ɗanyen mai

Malam, ka tambaya ko da gaske ne akwai bakteriya masu zama cikin gishiri da ke yin wani abu kamar sabulu. Ƙwarai kuwa.

Mai ba ya haɗuwa da ruwa, ita kuma bakteriyar tana son cin man. Sai ta fitar da wani sinadari mai kai biyu, ɗaya yana kama ruwa, ɗaya yana kama mai, ya farfasa man ƙanana-ƙanana har ta iya cinyewa. Aikin omo a kwano mai maiƙo ke nan. Akwai kuma wani nau'in sinadarin mai yauƙi wanda ba wanki yake yi ba, riƙe gaurayen yake yi kada su sake rabuwa. Bakteriya dangin Halomonas sun yi suna wajen wannan.

Amfanin gishirin shi ne sabulu da yawa kan mutu a ruwan zartsi, duk wanda ya yi wanki da ruwan rijiya mai zartsi ya san haka. Ruwan teku na da gishiri kusan kashi 3.5 cikin ɗari, na wasu rijiyoyin mai ya fi haka nesa. Sinadarin bakteriyar da ta tashi cikin gishiri kuwa yakan jure.

Wata bakteriya mai cin mai, Alcanivorax borkumensis, wadda aka bayyana a 1998 daga kusa da tsibirin Borkum na Jamus, takan yawaita sosai inda mai ya malala a teku. Shi ya sa nake ganin ya kamata jami'o'inmu su dage kan ruwan Neja Delta. Cikas ɗin dai tsada ne, kiwonta a masana'anta har yanzu ya fi yin irin wannan sinadari daga fetur kuɗi.